Lafiyar Arzikin Gari: Darasi Daga Gwandu Da Kalgo

Gabatarwa

'Yan'uwa, idan muka haɗu da safe mukan tambayi juna lafiyar gida da ta iyali, sa'an nan mu ƙara da cewa, "Yaya kasuwa?" ko "Yaya ruwa?" Amsar da muka saba bayarwa ita ce, "Da godiya." Godiya kuwa wajibi ce. Amma a darasinmu na wannan wata muna so mu tsaya a kan tambayar, mu amsa ta da natsuwa: shin yaya ake gane cewa arzikin gari yana da lafiya, yaya kuma ake gane cewa ciwo ya kama shi?

Mun ɗauki Gwandu da Kalgo a Jihar Kebbi domin misali. Da yawa daga cikinmu da ke zaune a wannan yanki 'yan tireda ne, ko malaman makaranta, ko ma'aikatan asibiti, ko makanikai, ko masu ɗinki. Wasunmu suna noma, wasunmu ba su taɓa riƙe fartanya ba. Duk da haka abincin kowannenmu yana rataye da aljihun manomi. In ya samu, shagonmu ya motsa. In ya rasa, mu wuni muna korar ƙuda. Mafi yawan mutanen garuruwan nan biyu Musulmi ne, maƙwabtanmu ne kuma abokan cinikinmu. Kasuwa ɗaya muke ci, mudu ɗaya ake auna mana, saboda haka wannan magana ta shafe mu baki ɗaya.

Garuruwan biyu

Gwandu tsohon gari ne mai daraja a tarihi. Nan jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka yi sansani a 1805, daga baya kuma garin ya zama hedkwatar yammacin Daular Sakkwato a hannun ƙanensa Abdullahi. Baturen nan matafiyi, Heinrich Barth, ya sauka a Gwandu a 1853 zamanin Sarki Halilu, ya kuma yabi albasar da ake nomawa a kwarin garin. Wato ke nan sana'ar albasa a wannan ƙasa ta haura shekara 170. A farkon zamanin Turawa fadar Sarkin Gwandu ta koma Birnin Kebbi, inda take har yau. Garin ya riƙe sunansa da martabarsa, amma ofisoshi da albashi da manyan baƙi suka bi fada.

Kalgo kuwa labarinta dabam ne. Tana dab da Birnin Kebbi, a kan hanyar Jega, a nan ne kuma hanya ta rabu zuwa Bunza da Kamba, bakin iyakar Nijar. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta 1991, Birnin Kebbi ta zama babban birni, sai ta fara faɗaɗa tana nufo Kalgo. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, mazauninta na dindindin yana kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. Gwamnatin jiha kuma ta gina babban asibiti a Kalgo.

A ƙidayar 2006 an sami kimanin mutum 151,000 a Ƙaramar Hukumar Gwandu, da kimanin 85,000 a ta Kalgo. Tun daga lokacin jama'a sun ƙaru ƙwarai, gonaki kuwa ba su ƙaru ba. Gonar da ta ciyar da gida ɗaya a zamanin kakanni, yau an raba ta gado tsakanin gida huɗu ko biyar.

Ƙofofin da kuɗi ke shigowa

Idan muka duba da kyau za mu ga ƙofa huɗu ce kuɗi ke bi su shigo waɗannan garuruwa. Ta farko ita ce noman damina: gero, da dawa, da wake, da shinkafa a fadama. Ta biyu noman rani: albasa, da tattasai, da tumatir, da shinkafar rani, wanda ya bunƙasa tun da shirin Fadama na ƙasa, da taimakon Bankin Duniya, ya yaɗa ƙananan injunan ban ruwa a shekarun 1990. Ta uku ita ce albashi da kason da ƙaramar hukuma ke samu daga asusun tarayya kowane wata. Ta huɗu ita ce kuɗin da samari 'yan cin rani ke aikowa daga Legas, da Ibadan, da Abuja, da Fatakwal, inda suke dako, ko kabu-kabu, ko gadi, ko sayar da albasar da aka noma a gida.

Ga shi ƙofofin shiga ba su yi kaɗan ba. Mutanen Dalijan da Kambaza, da na Diggi da Zuguru, ba malalata ba ne. Mai shakka ya je fadama da asuba cikin hunturu ya gani. To, me ya sa wahala ba ta rabuwa da gidaje da yawa? A binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022, kashi 63 cikin ɗari na 'yan Nijeriya, wato mutum miliyan 133, suna cikin talauci ta fuskar abinci, ko lafiya, ko ilimi, ko muhalli, Jihar Kebbi kuma tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Wannan ya nuna mana cewa dole mu duba ƙofofin fita kamar yadda muka duba na shiga.

Shekarun shinkafa

Tarihin shekarun baya-bayan nan ya isa ya koya mana wannan darasi. Ranar 17 ga Nuwamba 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Jihar Kebbi ya ƙaddamar da shirin bashin noma na Babban Bankin Nijeriya, wanda aka sani da Anchor Borrowers. Aka ba manoma iri, da taki, da magani, da injuna bashi, a kan su biya da shinkafa bayan girbi. A Disamba 2016 shinkafar haɗin gwiwar Legas da Kebbi, mai suna Lake Rice, ta shiga kasuwa. A 2017 aka buɗe babbar masana'antar casar shinkafa ta WACOT a Argungu. A Agusta 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, shinkafar gida ta yi daraja. A waɗannan shekaru mutane da yawa sun yi rufin kwano, sun sayi babura, sun aurar da 'ya'ya. Wannan gaskiya ne, bai kamata a musa ba.

Sai jarrabawa ta zo ɗaya bayan ɗaya. A damina ta 2020 ambaliya ta shanye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a Jihar Kebbi ana dab da girbi. A farkon 2023 canjin takardun naira ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi, manoma suka riƙa karyar da kayansu domin su sami na cefane. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 nan da nan, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Manomin rani kuwa da fetur yake ban ruwa. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka sake rufe iyaka har zuwa Maris 2024, alhali ƙofar Kamba ba ta daɗe da buɗewa ba, domin sai a Afrilu 2022 aka buɗe ta bayan rufewar farko. A 2023 ɗin dai Babban Banki ya janye hannunsa daga irin waɗannan basussuka, bayan ya raba fiye da naira tiriliyan 1 a faɗin ƙasa, kaso mai yawa kuma ba a biya ba. A Yuli 2024 gwamnati ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na ɗan lokaci, a 2025 farashin shinkafa da masara ya sauka. Mai saye ya ji sauƙi, manomin da ya sayi taki da tsada ya koka.

Mu lura da abu ɗaya. Dukan waɗannan shawarwari a Abuja ko a wani wuri mai nisa aka yanke su; ambaliya kuwa ba ta sallama. Babu wanda ya tambayi mutumin Gwandu ko na Kalgo. Abin da ya bambanta gida da gida shi ne ajiya. Wanda ya tanadi wani abu a shekarun samu, da hatsi ko da dabba ko da kuɗi, ya jure. Wanda ya cinye duka, ko ya dogara ga bashi kaɗai, ya koma inda ya fito, wani ma har da sayar da gona.

Daga kaka zuwa damina

Babbar ƙofar da arzikin ƙauye ke zurarewa tana tsakanin kaka da damina. Bari mu kawo misali, mu ƙaddara wani magidanci ya girbe buhu 20 na hatsi. Da damina ya karɓi taki da kuɗin ƙodago a hannun wani mai hali, a kan zai biya da hatsi. Ran girbi mai bashi yana bakin gona, ya kwashe buhu 6. Kuɗin makaranta, da ɗinkin yara, da bikin ƙanwa, da gyaran ɗaki duka suna jiran kaka, sai ya kai buhu 6 kasuwa a daidai makon da kowa ya kai nasa, lokacin da farashi ya fi faɗuwa. Saura 8. Iyalinsa suna bukatar 12 kafin sabon hatsi. Idan watan Yuli ya kama, rumbu ya yi ƙasa, sai ya koma kasuwa ya sayi irin hatsin da ya sayar, da tsada. Kuɗin saye kuma babu, sai ya sake komawa wurin mai bashi. Haka shekara ke zagayowa, yana noma da ƙarfinsa, riba tana kwana a ɗakin wani.

Albasa ma haka take. Ana cire ta da bazara, kasuwannin Aliero da Jega da Gwandu su cika, farashi ya faɗi. Bayan wata biyar ko shida, idan ta yi ƙaranci, kuɗin buhu yakan ninka. Amma albasa ba ta da haƙuri kamar gero. In ba a shanya ta da kyau ba, in ba a sa ta inda iska ke ratsawa ba, zafi da laima su ruɓar da kaso mai yawa. Saboda haka mai ƙaramin ƙarfi yakan sayar tun a gona, wanda ke da wurin ajiya da jarin jira shi ke cin moriyar.

Ba muna cewa ɗan kasuwa mugu ba ne. Wanda ya sayi kaya ya ajiye, ya ɗauki kasadar ruɓewa da faɗuwar farashi, ya yi aiki, ya cancanci riba. Illar tana nan ne inda mutum ɗaya ke iya jira, ɗaya kuwa yunwa da bashi sun hana shi. Cinikin da aka yi tsakanin mai iya jira da marar iya jira, da wuya ya zama na adalci.

Ƙofa ta biyu ita ce fitar da kaya ɗanye. Shinkafa shanshera ta fita a mota, ta dawo cikin buhu mai tambari da ƙarin kuɗi. Ladan turarawa, da casa, da ɗinkin buhu, da dako ya tafi wani gari. Ƙofa ta uku ciwo ne. A Maris 2025 gwamnatin jiha ta ba da sanarwar mutuwar mutum 26 a ɓarkewar cutar da ake zaton sanƙarau ce, mafi yawa a yankin Gwandu, da Jega, da Aliero. Bayan baƙin cikin rashi, kowane gida da ya yi jinya ya san abin da ta ci: akuya, ko buhun iri, ko jarin uwargida. Zazzaɓin cizon sauro kuma yakan kwantar da manomi a tsakiyar damina, lokacin da kwana uku na rashin noma ke iya rage amfanin shekara.

Alamomin da za mu duba

Likita ba ya duban tufafin majiyyaci, jikinsa yake aunawa. Haka nan ba a auna arzikin gari da yawan motocin da ke wucewa a titi ko da sababbin gine-gine. Kalgo misali ce. Kusancinta da Birnin Kebbi ya ɗaga darajar filaye, masu gidajen haya da masu abinci suna samun ciniki daga ɗalibai da ma'aikata. Amma manomin da ya sayar da gonar gado ya sayi babur, bayan shekara uku babur ya tsufa, gona kuwa ta tafi har abada. Gari na iya cika da bene alhali 'yan asalinsa sun zama 'yan ƙodago a filin kakanninsu.

Ga alamomi biyar da kowa zai iya dubawa a unguwarsu ba tare da takarda ba. Ta farko, a wane wata ne hatsi ke ƙarewa a rumbun yawancin gidaje? Ta biyu, gida nawa ne ke fara damina da bashin da za a biya da amfanin gona? Ta uku, idan samari suka tafi cin rani, suna dawowa da ruwan farko su yi shuka, ko sun daina dawowa? Ta huɗu, mata suna da jarin kansu, ko kuwa kullum jarin yana narkewa a tukunya? Ta biyar, yara suna zama a aji har ƙarshen zango, ko ana cire su saboda talla da kiwo? Inda amsoshin nan suka yi kyau, garin yana da lafiya ko da ba shi da bene ko ɗaya.

Abin da ke hannunmu

Masu iya magana sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Akwai dabarun da aka gwada a ƙasar Hausa suka yi aiki, ba sai mun je nesa ba.

Na farko shi ne asusun rukuni. A 1991, a yankin Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, ƙungiyar CARE ta taimaka wa mata suka gyara tsohon adashinmu, suka kira tsarin Mata Masu Dubara. Mutum 15 zuwa 30 su haɗu kowane mako, kowa ya zuba abin da ya iya a akwati mai makullai a hannun mutane dabam-dabam. Mai bukata ya ranta ya mayar da ɗan ƙari, a ware wani abu domin ciwo ko rasuwa, a ƙarshen shekara a raba. Tsarin ya bazu ƙasashe da yawa na Afirka. Hikimar da za mu ƙara ita ce a sa ranar rabo ta faɗo a farkon damina, lokacin sayen taki da iri, domin a rage zuwa wurin mai bashi.

Na biyu shi ne rumbun haɗin gwiwa. A Nijar ɗin dai, tun ƙarshen shekarun 1990, hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yaɗa wani tsari: manoma su tara hatsinsu a ɗakin ajiya da kaka, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun mai ba da rance. A ba su rance daidai da wani kaso na darajar hatsin, su biya bukatun kaka ko su yi noman rani. Idan farashi ya tashi a buɗe, a sayar, a biya, ragowar ta zama tasu. Akwai kasada, domin wata shekara farashi ba ya tashi, kamar yadda aka gani a 2025. Saboda haka kada rance ya kai cikakkiyar darajar kaya, kuma a fara da hatsin da gida zai ci kafin na sayarwa.

Na uku shi ne kyautata ajiya. Buhun PICS, mai leda biyu a ciki, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, yana hana ƙwari cin wake ba tare da an zuba guba ba, muddin an ɗaure shi sosai. Albasa kuma a bar ta ta bushe, a tsince mai rauni, a ɗaga ta daga ƙasa a inuwa.

Na huɗu ya shafi mu masu albashi da masu shago. Idan za mu sayi shinkafa, mu tuna da matan da ke turarawa da casa a unguwa. Idan za mu yi ƙofa ko benci, mu fara tambayar maƙeri da kafinta na gari. Naira da ta zaga hannu biyar kafin ta bar gari ta ciyar da gida biyar. Idan muna awo, mudunmu na saye ya zama shi ne na sayarwa. Idan mun ba maƙwabci rance da damina, kada mu mai da yunwarsa gonar da za mu girba.

Na biyar shi ne biyan bashi. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wanda ya ci ya ƙi biya ya toshe ƙofa ga na bayansa. Waɗanda suka ɗauki bashin noma a matsayin rabon gwamnati sun taimaka wajen kashe shirin, ko da yake ambaliya ta hana wasu biya da gaske. Ƙungiyar da ba ta da amana ba ta kai shekara biyu.

Abin da ke hannun hukuma

Akwai abin da ya fi ƙarfin rukuni. Hanyar da za ta fito da kaya daga fadama, da rumfunan kasuwa, da ɗakin shan magani mai ma'aikaci da magani, da allurar rigakafi kafin zafin bazara, da sanarwa kafin a sako ruwan madatsun Goronyo da Bakolori, da tsaron da zai bar makiyayi da manomi su kwana da ido biyu rufe, waɗannan hakkin hukuma ne. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Kowane wata ana buga adadin abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma. Hakkinmu ne mu nemi sanin nawa ne na Gwandu, nawa ne na Kalgo, mu tambayi kansilolinmu cikin ladabi abin da aka yi da shi. Irin wannan tambaya ta fi ƙarfi idan mun yi ta tare da maƙwabtanmu, da masu unguwanni, da shugabannin kasuwa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi domin tattaunawa

Muna roƙon zumuntar mata, da ta maza, da ƙungiyar matasa su zauna a kan waɗannan tambayoyi kafin ƙarshen wata, kowane rukuni ya rubuta amsarsa ya kawo taro na gaba.

1. A cikin alamomi biyar da muka lissafa, wacce ce ta fi rauni a unguwarmu, mene ne kuma dalili?

2. A kakar da ta wuce, wace bukata ce ta tilasta wa gidajenmu sayar da amfanin gona da wuri? Da za a iya ɗage ta ko a tanade ta tun da rani?

3. A cikin abin da muka kashe a makon jiya, nawa ne ya shiga hannun mutumin gari, nawa ne ya fita waje?

4. Idan muna da adashi ko asusu, a wane wata muke rabo? Wa ke riƙe da littafi, wa ke riƙe da mabuɗi, kowa yana iya ganin lissafi?

5. Akwai wanda muke bi bashi da sharaɗin da mu kanmu ba za mu so a ɗora mana ba? Akwai wanda yake binmu muna ɓuya?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Rukunin da ke son ya sayi taki da kuɗinsa a damina mai zuwa, ya fara zubi tun wannan mako, ko da da naira 200 ne.